Kujerar Yaya a Bakin Taga

Labarin rasuwar Yaya ya same ni a rumfata ta faci a Jahun, hannuna dumu-dumu cikin tayar wata adaidaita-sahu. Mai kawo labarin bai gama rufe baki ba mai tayar ya ce, "Wane Yayan? Ba dai tsohon nan na bakin taga ba?" Musulmi ne, daga wani gari can daban, bai taɓa taka ƙofar majami'armu ba, amma ya san tsohon bakin taga. Na ce shi ne. Ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri, Baba. To yanzu ciki za ku shiga da shi ko waje?" Na ce ya bari in mayar masa da tayarsa tukuna.

Da na isa ƙauye, tambayar nan na tarar ta riga ni. Ba wanda ya furta ta, amma tana zaune a kowace tabarma. Matan zumuntar majami'armu suna waƙa a cikin gida, wata ta katse ta share hawaye ta ce, "Baba ya huta da rana." Wani dattijon ikkilisiya, sa'an Yaya, ya girgiza kai ya ce, "Mutumin kirki, wallahi. Sai dai kan nan nasa, ko duwatsun Dutse albarka." Maƙwabtanmu Musulmi suka cika ƙofar gida, babbansu ya ce shi abin da zai shaida ɗaya ne, tun yana yaro suke haɗa iyakar gona da Yaya, bai taɓa ganin kunyar gonar Yaya ta karkata ko da tafin hannu ba. Wata tsohuwar Bafulatana kuma ta zo daga nesa da ƙwarya a ka, ta sauke, ta zauna can gefe. Yara ba su san ta ba. Mu manya mun san ta, shi ya sa da yawa suka riƙa kallon ƙasa.

Ni ne autan gidanmu, Yaya ne babba, uwa ɗaya uba ɗaya. Har furfura ta cinye mini kai bai taɓa kira na da wani suna ba sai Auta. Karatuna aji uku ne, shi ma malamin ne ya gaji kafin ni. Saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da gam da famfo. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na ji jikokinmu suna ce wa junansu kakansu yana da ciwon da ba ya son ɗaki. In na yi shiru, haka za a tuna da shi, tsoho mai ciwon ƙin ɗaki.

Ga yadda abin yake. Mu 'yan kaɗan ne a wannan yanki, Hausawa masu bin Almasihu, gidaje da za ka zagaye su kafin kunu ya huce. Majami'armu ta ƙasa ce, da jinka a kanta. In ruwa ya sauko ana tsakiyar wa'azi, sai kowa ya ja bencinsa ya nemi inda ba ya yoyo, Fasto ya ɗaga murya yana bin mu da ido kamar mai kiwon agwagi. Mun saba a manta da mu. In ana rabon taki, sunanmu ba ya isa. In ana neman aiki, yaranmu su dawo da takalmi ya cinye.

Sai Allah ya ɗaga ɗan 'yar'uwarmu. Marayan yaro ne, a gidan Yaya ya tashi, da gyaɗar Yaya ya yi makaranta. Ya sami muƙami a Dutse, ya gina gida a unguwar Yalwawa, aka fara ce masa Onarabul. Ranar da ya fara zuwa da mota ni kaina na yi rawa, har wandona ya yage. Kalma ɗaya ce a bakin kowa: namu. Namu ya samu. Namu ya shiga.

A bayan gonakinmu akwai tafki, a bakin tafkin akwai rugar Arɗo. Tun kakanni suna nan. Bayan girbi shanunsu su kwana a gonakinmu su bar mana taki, mu kuma mu ba su 'yan dabbobinmu kiwo. Fura ta farko da na sha a duniya a rugar nan na sha ta, na kuma fasa ƙwaryar. To, Onarabul ya ga wurin zai yi kyau da lambun mangwaro. Aka kai magana gaban dagaci, aka kira dattawan ikkilisiya su faɗi abin da suka sani a kan filin, tunda su ne mafi kusa. Ba su yi ƙarya ba, a yi musu adalci. Shiru suka yi. Wani ya ce shi dai ya san Fulani ba sa zama wuri ɗaya. Wani ya kama tari. Yaya kaɗai ya miƙe ya ce kabarin uban Arɗo yana nan gindin tsamiya, shi da kansa ya taya haƙa. Murya ɗaya ba ta hana komai ba. Aka zagaye tafkin da waya, su Arɗo suka kaɗa shanu suka yi gabas. Ba a daɗe ba muka ji Arɗo ya rasu a can, a ƙasar da bai sani ba. Matarsa ce tsohuwar nan mai ƙwarya.

Damina ba ta kewayo ba sai ga babbar mota cike da kwanon rufi, kyautar Onarabul ga majami'a. Aka yaye jinka, aka buga kwano mai ƙyalli da ake hangowa daga titi. Aka sa sujadar godiya ranar Lahadin da ta fi kusa da bikin 'yancin kai. Aka kafa tutar ƙasa dab da bagade, wato teburin tsarki na gaban majami'a, aka kawo kujera mai katifa aka ajiye a gaba domin Onarabul. Fasto ya yi wa'azi mai daɗi, har ni ban yi barci ba. Ya ce Allah ya tuna da jama'armu, yanzu mu ma 'yan ƙasa ne sosai, mu yi wa ƙasarmu addu'a, mu yi wa namu addu'a.

Yaya ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. "Fasto, a gafarce ni. Su Arɗo 'yan wace ƙasa ne?"

Mawaƙa suka yi sauri suka tayar da waƙa. Yaya ya ɗauki hularsa da littafinsa ya fita. Muka ce ya yi fushi, zai huce.

Lahadi ta gaba ya riga kowa zuwa. Ya zo da 'yar kujerarsa ta itace, irin ta tsakar gida, ya kafa ta a waje daura da taga, ya zauna. Aka buga ƙararrawa, bai motsa ba. Aka yi waƙa, ya yi. Aka ce a tashi, ya tashi. Aka ce amin, tasa ta fi ta kowa ƙarfi. Haka ya yi har ƙarshen ransa.

Ni abin ya fi ba ni mamaki a kan haushi, don haka na mayar da zamana bencin bakin tagar daga ciki. Mutane suka ce Auta yana kula da wansa. Gaskiyar ita ce iska ta fi shigowa ta nan, kuma ina son in ga ƙarshen abin. Na lura da abubuwa. Rufin yana da baki da ya zarce bango, yana jefa inuwa a ƙasa. In rana ta juya inuwar ta matso kusa da ƙafarsa, sai ya ja kujerar baya kaɗan, ba tare da ya ɗaga ido daga littafi ba. Wata rana na leƙa na ce, "Yaya, ita ma inuwar ta yi shiru a gaban dagaci ne?" Ya ce, "Auta, buɗe mini waƙar, wace lamba aka ce?" Daga nan aikina ya zama faɗa masa lambar waƙa, don kunnensa ya fara nauyi. In ya manta littafin waƙoƙinsa, in miƙa masa nawa ta taga, tunda ni dama da ka nake yi, rabi daidai rabi ƙirƙira.

A shekarar farko rana ta gasa shi sosai. Sai ya samo ɗan dashen darbejiya ya kafa a wurin, yana zuwa da ruwa a buta kowace Lahadi. Da damina kuma buhu yake yafawa, ya sa malafa. Matarsa, wadda duk gari ke kira Inna, ba ta taɓa bin sa waje ba. Tana ciki cikin mata, a layin gaba. In sun koma gida ta fara: "Kai ka sha rana don Fulani, ni in sha wanki don kai. Su Arɗon sun san kana yi?" Shi kuma ya ce, "Ba don su sani nake yi ba." Ta ce, "To don wa?" Ya ce, "Akwai sauran tuwo?"

Na taɓa tsare shi a gona na ce, in abin ya ɓata masa rai haka, me zai hana ya koma wata majami'ar, ga su nan a Dutse, wasu har da fanka. Ya dogara da fartanya ya dube ni kamar na ce ya sake uwa. "Gidan Ubana ne, Auta. Ni na dafa tubalin bangon nan. Rufin ne ba nasa ba."

Rigimarsa da Fasto ta taso ne a kan Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa tare don tunawa da mutuwar Almasihu. Fasto ya ce gurasa da ƙoƙo ba ƙosai ba ne da za a riƙa miƙawa ta taga, wanda zai ci ya shigo cikin 'yan'uwa. Suka zauna a zauren Yaya, ni ina gefe ina ɓare gyaɗar da ba a ba ni ba. Fasto ba mugun mutum ba ne, kuma maganarsa tana da nauyi. Ya ce, "Baba, mu nawa ne a ƙasar nan? Shekara da shekaru ba mu da mai faɗa mana a sama. Yau mun sami ɗaya, ɗanka ne ma, sai mu kunyata shi a idon duniya? In ya faɗi, wa zai tsaya mana? Kwanon nan ba a kaina yake ba, a kan jarirai da tsofaffi yake."

Yaya ya ce, "Na sani, Fasto. Da ana danne mu, kai ka koya mana cewa Allah yana ganin wanda aka danne. Na yarda da kai. Sai muka sami waɗanda suka fi mu rashin gata, muka hau kansu. To Allahn ya daina gani ne, don namu ne a sama?"

Fasto ya ce ai ikkilisiya ba ta ƙwace filin kowa ba.

"Ba ta ƙwace ba. Ta yi tari."

Na shaƙe da gyaɗa. Fasto ya tashi ya yi sallama. Lahadin Jibi ta gaba, da ya gama da na ciki, sai muka ga ya ɗauki faranti ya fita ta ƙofa, ya zagaya, ya tsaya a rana ya ba Yaya da hannunsa. Haka suka ci gaba. Bai sauke rufin ba, bai kuma sake zancen ba. Ni har yau ban san wanda ya ci wannan rigima ba.

Tuta ma ba ƙin ta yake yi ba, mutane sun yi masa gurguwar fahimta. Ranar zaɓe shi ne farko a layi. In ana addu'a domin shugabanni ya fi kowa daɗewa da sunkuyar da kai. Wurin da aka kafa ta ne bai gamshe shi ba. Yakan ce, "Ƙasa tamu ce, ina son ta. Amma ba ita ta mutu domina ba, me take yi a gefen bagade?"

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne shi da Onarabul. Bai taɓa zagin sa ba, bai bari a zage shi a gabansa ba. Duk kaka, buhun gyaɗa na farko na ɗan ƙanwarsa ne. Ni ake ɗora wa in kai Yalwawa, maigadi ya tsayar da ni a ƙofa yana kallon silifas ɗina. Onarabul yakan karɓa da hannu biyu, ya ce, "Kawu Auta, har yanzu Kawu yana waje?" In ce yana nan. Ya ce, "Ka gaya masa in bishiyar ba ta isa ba, in aiko a yi masa rumfa." Na kai saƙon sau ɗaya. Yaya ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Yaron nan yana da kirki. Ka ce masa ba ni ne ba ni da inuwa ba." Sau ɗaya Onarabul ya aiko da kwandon mangwaron lambun. Yaya ya sa aka mayar, tare da gaisuwa mai kyau. Ni na mayar, kuma Allah ya sani kwandon ya ɗan rage nauyi a hanya.

Darbejiyar ta girma har ta fi majami'ar tsawo. Yaya ya tsufa a ƙarƙashinta. Da ciwo ya kwantar da shi, na tambaye shi kai tsaye, don na san abin da ke zuwa. A wurinmu, in mai bi ya rasu, ana shigar da akwatinsa majami'a a ajiye gaban bagade, a yi sujada, sannan a wuce makabarta. Wanda ake barin akwatinsa a waje shi ne wanda ya mutu yana cikin horon ikkilisiya, wato an dakatar da shi saboda wani laifi bai tuba ba. Babu abin kunyar da ya fi wannan ga iyali, har jikoki ake yi wa gori da shi. Na ce, "Yaya, ranar nan ina za mu ajiye ka?" Ya ce, "Ni na gama nawa zaman, Auta. Ranar nan ku za a duba a ga inda kuka zauna."

Shi ya sa tambayar ta faɗa kan Inna. In ta bari aka shigar da shi, ta kai shi inda ya ƙi shiga da ƙafarsa, ranar da ba shi da bakin cewa a'a. In ta bar shi a waje, duniya ta ce mijinta ya mutu a horo. Onarabul ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, Kawu ne ya rene ni. Ba zan iya ji ana cewa an bar shi a waje kamar mai laifi ba. A shigar da shi, don Allah." Kuka yake yi na gaske, na duba da kyau. Fasto ya ce shi abin da Inna ta ce shi zai yi. Inna ta juyo kaina. "Kai mai faci, bakinka da ba ya rufuwa, yau an ɗinke shi?" Na ce ni dai na san in aka nufi ƙofar nan da Yaya, akwatin zai yi nauyin da ba a saba ba. Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri." Ba ta yanke komai ba, sai aka shirya yadda aka saba.

Da safe majami'a ta cika. Onarabul yana kan kujerarsa mai katifa a gefen tuta, Fasto yana gaban bagade yana jira. Maƙwabta Musulmi da matar Arɗo suna tsaitsaye a waje daga nesa, kamar yadda suke yi in sun raka mu. Samari suka taho da akwati a kafaɗa, Inna tana gaba, ni ina bayanta. Muna isa bakin ƙofa ta tsaya. Ta ɗaga kai ta dubi kwanon, kamar ranar ta fara ganin sa. Sai ta juya, ta bi jikin bango, ta je gindin darbejiya inda kujerar Yaya take tun Lahadinsa ta ƙarshe, ta kakkaɓe ta da bakin zane, ta zauna.

Samarin suka tsaya cak da kaya a kafaɗa, ba gaba ba baya. Na ciki suna leƙowa. Ba wanda ya san abin yi. Can sai dattijon nan da ya ce kan Yaya ya fi dutse, wanda kuma shi ne mai tarin gaban dagaci, ya miƙe ya kama bakin bencinsa ya ce, "Auta, kama mini can." Na kama. Bencin nan mu muka sassaƙa shi tun zamanin jinka, ba kyautar kowa ba ne. Muka fito da shi. Na biyu ya biyo, na uku ya biyo. Matan zumunta suka fito da waƙarsu a baki. Aka sauke Yaya a kan benci biyu a gindin bishiyarsa. Inuwar ba ta ishi kowa ba, da yawa suka sha rana, har muka haɗe da maƙwabtan da ke tsaye, ba a gane inda muka ƙare suka fara. Inna ta sa aka shimfiɗa wa matar Arɗo tabarma kusa da ita.

Fasto ya fito na ƙarshe. Kafin ya buɗe littafi ya ɗaga murya yadda na titi ma za su ji, ya ce, "Kowa ya sani, wannan ba horo ba ne. Dattijon nan bai taɓa fita daga ikkilisiya ba ko na Lahadi ɗaya."

Ni kuwa, halina bai bar ni ba, idona yana kan taga. Onarabul ne kaɗai ya rage a ciki, shi da tuta da kujera. Na ce ko zai fito, ko zai shiga mota. Bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe a zaune. Da aka tayar da waƙa sai na ga ya taso, ya taka a hankali cikin ɗakin da babu benci, ya zo bakin taga, daidai wurin zamana, ya tsaya ya dafa ta. Bakinsa yana motsi, amma ya manta baitin. Ya dube ni ya ce a hankali, "Kawu Auta, wace lamba?"

Na faɗa masa. Na miƙa masa littafina ta taga, daga waje zuwa ciki.

Wayar nan tana nan a bakin tafki har yau da nake rubutun nan, kwanon ma yana nan. Ban san abin da yaron zai yi ba, ban kuma san abin da mu za mu yi ba. Littafin dai bai dawo mini da shi ba tukuna, ni kuma ban aika a karɓo ba.

Yaya, Ubangijin da ka bi cikin rana da ruwa ya karɓe ka a gidansa, inda rufin ma nasa ne. Ka shiga ciki ka zauna.